Tabarmar Wakili

Kakan kakanmu lauya ne, ko da yake da wani ya kira shi da wannan suna a zamaninsa da ko waiwayowa ba zai yi ba. Wakili ake ce masa. Sunan sana'ar ya cinye na yanka, har mu da muka biyo baya a nan Makka ba ma kiransa da komai sai shi. Ya rayu a ƙarni na sha tara a lissafin Turawa, rabin rayuwar a ƙasar Hausa, rabi a nan. Bai bar littafi ba, bai bar hoto ba, kabarinsa kuma, kamar na kowa a garin nan, babu mai iya nuna maka. Abin da ya bar mana gida ne a unguwar Tandabawi, da tabarma, da doka. Gidan ya tafi. Tabarmar tana wajena a saman kabad, kuma kada mai karatu ya ɗauka ta asalin ce, an sake ta ba sau ɗaya ba, ta yanzu ma ta roba ce. Dokar nake so in yi magana a kanta, domin ita ce ta fitar da Gwaggona daga ɗakinta.

Na yi aikina na gama ina koyar da tarihi a makarantar yara maza, saboda haka na san yadda ake yi wa matattu kwalliya. Tarihin Wakili ruwaya uku gare shi a danginmu, gwargwadon unguwar da mai ba da labarin yake kwana. 'Yan Shisha, waɗanda suka sami abin hannu suka hau benaye, a wajensu saura ƙiris ya zama waziri. Mu 'yan Mansur muna cewa malami ne mai baki, mu tsaya nan. Akwai kuma wani reshe namu da ya daɗe a Sudan kafin ya ƙaraso, su cewa suke yi koro shi aka yi, amma ba sa faɗa sai ranar biki, bayan sun ci sun ƙoshi. Na tace ruwayoyin uku yadda nake koya wa yara, ga abin da ya saura.

Ɗan malami ne a wani gari mai ganuwa a ƙasar Kano. Ya yi karatun fiƙihu, aka zaunar da shi gefen alƙali yana rubutu yana duba masa hukunci a littafi. A wannan zaman ya lura da abin da duk wanda ya taɓa zama a kotu ya sani, cewa yawancin masu faɗuwa a shari'a ba gaskiya suka rasa ba, baki suka rasa. Bafatake ya zo daga nesa bai san yadda ake magana a garin ba. Manomi yana ganin rawanin alƙali miyau ya ƙafe masa. Matar kulle kuwa sai ta aiko wani ƙaninta ya je ya dagula mata magana. Shari'a ta yarda mutum ya wakilta wani, sai Wakili ya ajiye alƙalami ya fara tsaya wa irin waɗannan. Ya yi suna. Masu hali ba su daɗe ba suka gane cewa bakin da ya yi wa talaka aiki zai yi musu su ma, kuma su suna da abin godiya.

Daga nan aka kira shi majalisar sarki, cikin malaman da ke tsara doka a kan abin da littattafai ba su yi filla-filla ba. 'Yan Shisha suna cewa shi ya daidaita girman mudu a kasuwar garin, shi ya yanka faɗin burtali don kada shanu su shiga gona. Na fi yarda da wata ƙarama wadda ba mai alfahari da ita: cewa kayan bafataken da ya tafi bai dawo ba, mai masauki ba zai taɓa su ba sai damina biyu ta wuce, kuma sai a gaban shaidu. Wannan ta yi kama da aikin mutumin da ya san abin da masu masauki ke yi.

Sai shari'ar marini. Wani attajiri ya yi da'awar rijiyoyin rini na wani tsoho, ya ce filin na ubansa ne, aro aka bayar. Wakili ya tsaya wa attajirin. Tsohon ya tsaya wa kansa. Da aka ce ya yi magana, abin da ya iya cewa shi ne ubansa ya haƙa su, shaidunsa kuwa duk suna maƙabarta. Wakili ya yi bayani tun hantsi har rana ta take, aka ba attajiri gaskiya. Da aka fito, marinin ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya ce, "Malam, Allah ya ƙara basira. Ni kaina da na saurare ka sai na ji kamar ba tawa ba ce."

Duk ruwayoyin uku sun haɗu a kan wannan magana, shi ya sa na yarda an yi ta. Sun kuma haɗu a kan cewa ta hana shi sukuni. Ya koma majalisa da sabuwar doka: kada kowa ya faɗi ƙararsa a gaban alƙali sai ya fara faɗin ta abokin shari'arsa, da bakinsa, har wancan ya ce haka ne. Kuma a daina wakilci. Aka yi masa dariya. Alƙalin garin ya ce in aka bi wannan, shari'ar akuya za ta kai girbi. Ko fushi ya yi ko koro shi aka yi, ya dai kama hanyar gabas, shekaru yana tafe, ya yi noma a nan ya yi limanci a can, har ya haye teku ya iso Makka a zamanin Turkawa. A nan ma tsaya wa alhazanmu ya riƙa yi a kotu. Tuban bai hana shi komawa sana'a ba, tunda mai tuba ma yana cin abinci. Amma dokar da majalisa ta ƙi, sai ya ɗora wa waɗanda ba su da ikon ƙi, wato iyalinsa. Ɗan gidansa ba ya kai ɗan gidansa kotu. In rigima ta tashi, babban gida ya shimfiɗa tabarma. Ba mai magana a madadin wani. Kowa ya fara faɗin ta ɗan'uwansa sai an ce masa haka ne, sa'annan ya faɗi tasa.

Na ga dokar nan tana aiki ina yaro, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Mahaifina da ƙaninsa, Baffana, sun yi wata guda ba sa magana a kan ɗakin saman soro da ake ba alhazai haya. Aka shimfiɗa tabarma. Mahaifina ya tashi faɗin ta Baffa sai ya ari muryarsa, har da yadda yake jan hanci kafin ya ce wallahi. Baffa ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska ya kasa. Aka tashi ana dariya, aka raba shekara, wannan aikin hajji na wane, mai zuwa na wane. Na daɗe ina ba ɗalibaina wannan misali. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne su biyun bakinsu ɗaya ne, tsayinsu ɗaya, kuma ba wanda ke jin kunyar wani.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya tsaya, sai ta dawo ɗakin ƙasa na gidan Tandabawi, ɗakin da aka haife ta a ciki. Mahaifina da ya koma Mansur sai ya bar mata kasonsa na gidan tun yana raye, saboda haka ni ba ni da ko bulo ɗaya a ciki. Rabin danginmu a hannunta suka girma. Duk wadda ta haihu a kan goyo, ko ta yi yaji, ko aiki ya yi mata yawa lokacin alhazai, ɗakin Gwaggo ake kai yaron. Ba ta da dukiya, ba ta da karatu mai zurfi. Abin da take da shi hanya ce. Daga ƙofar gidan zuwa Harami tafiyar ƙafa ce, ko ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Asuba a can take yi, ta dawo ta sha shayi da burodin tamis, ta koma kafin magariba ta zauna har isha. Tana da gindin ginshiƙinta a wajen mata, da ƙawayenta na ginshiƙi, wata 'yar Chadi da wata Bajawa 'yar can tsibiran gabas, sun tsufa tare ba wadda ta san gidan wata. An yi ta faɗaɗa masallacin, ginshiƙin ya ɓace, suka zaɓi wani. In ka ce mata ta huta sai ta ce likita ne ya ce ta riƙa tafiya. Ban taɓa ganin likitan ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ita. Gwaggo tana da baki in a kan wani ne. Ta taɓa tsare wani mai shago a Mansur har ya mayar wa wata bazawara kayanta. Amma a tarbiyyar da aka yi mata, mace ba ta cewa ina so. In ka tambaye ta ko za ta ƙara abinci sai ta ce a ba yara.

Wani kamfani ya zo yana sayen gidajen layinmu na Tandabawi, za a yi masaukin alhazai. Wanda ya ɗauki maganar a ka taubashina ne, ɗan yayar Gwaggo, uwarsa ta rasu yana ƙarami. Ni Gwaggo nake ce mata, shi Inna, kuma a bayanta ya yi wayo. Harkar masaukin alhazai yake yi, yana da bene a Shisha. Larabci yake yi da kamfani, Hausa da dattawa, kuma a kowanne sai ka rantse nan aka yanke masa cibiya. Ya bi magada ɗaya bayan ɗaya kowa ya yarda, saura Gwaggo. Ba ta ce a'a ba, ba ta iya ba. Cewa take yi sai ta yi istihara, ta shekara tana yi. Ba a sayar da gidan gado sai da hannun kowa, in wani ya ƙi sai kotu, kotu kuwa Wakili ya rufe mana ƙofarta. Muddin ta ci gaba da istihararta, ɗakin nata ne. Sai taubashin nawa ya je wajen Baffa, wanda a lokacin shi ne babba, ya nemi a shimfiɗa tabarma.

Na je na same ta tana tsince shinkafa.

"Gwaggo, kada ki hau tabarmar nan. Ki ce ba ki da lafiya."

"Lafiyata ƙalau."

"To ki ce sai bayan hajji."

"In ƙi tabarmar Wakili? Ubanka bai ƙi ta ba. Kai da aka kai jami'a, abin da aka koya maka ke nan?"

"Yaron nan baki gare shi."

"Ni na koya masa magana," in ji ta. "Har ya shekara uku ruwa ma bai iya cewa ba."

Aka sa rana, Juma'a bayan la'asar. A ƙofar gida muka yi kiciɓis da taubashin nawa, yana fitowa daga mota, farar riga kamar ba a taɓa zama da ita ba.

"Ustaz, ka zo da jan biro? Yau za ka ba ni maki."

"Na zo in ga yadda ake fitar da uwa daga ɗaki cikin ladabi. Ba mu yi wannan darasin ba."

"Ka ji matsalarku ku malaman tarihi. Bango yana tsagewa kuna cewa kayan tarihi ne. In ya faɗo mata, kai za ka rubuta, ni zan haƙo."

Ya kama hannuna muka shiga tare. Taubashi ne, ba a fushi da maganarsa a fili.

Tsakar gidan ya cika. Dattawa a kan kujeru, mata daga bakin ɗakuna, samari jingine da bango da wayoyinsu, rabinsu Hausar ma sai an fassara musu. Baffa ya zauna a kan tabarmar daga sama, na'urar ji a kunne, ya karanto dokar kamar yadda ake yi, ya yi wa Wakili addu'a. Gwaggo ta zauna a gefe guda, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ƙarami ke farawa, saboda haka taubashina ya fara, kuma maganar Gwaggo zai faɗa.

Ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, zan yi magana kamar ni ne Inna, Allah ya sa kada in rage mata. A ɗakin can aka haife ni. A nan na yi takaba. Duk wanda ke tsaye a tsakar gidan nan, in ban goya shi ba na goya uwarsa. Ban taɓa neman komai a wajenku ba, ko kuɗin magani. Ba ni da ɗa da zai yi mini addu'a bayan raina, saboda haka addu'ata ni nake kai ta da ƙafata, kullum, tun ina da ƙarfi har yanzu da nake dafa bango. Kuna cewa za ku ba ni ɗaki mai sanyi. Ni ban ce zafi ya dame ni ba. Wakili ya yi shekaru yana tafiya don ya kwana kusa da Ɗakin Allah, ni an haife ni kusa, yanzu kuma da ya rage mini kaɗan kuna so ku mayar da ni baya. Ku yi haƙuri da ni. Ba zan daɗe ba."

Ba wanda ya motsa. Samarin ma sun sauke wayoyi. Na dubi Gwaggo, na ga abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa faɗin abin da take so da ƙarfi a gaban mutane, har ita kanta. Ta ja gefen mayafi ta share ido.

Baffa ya ce, "Haka ne?"

"Haka ne," ta ce. "Bai rage komai ba."

"To faɗi tasa."

Nan ne na san an gama. Maganar wani aka ba ta, fagen da ba a taɓa kayar da ita ba. Ta gyara zama. Ta fara da tsagar bangon gabas, wadda ita ta fi kowa saninta tunda a kanta take kwana, ta ce hannu yana shiga yanzu. Ta kawo maganar 'yar ƙaninta da miji ya mutu ya bari da yara biyar a gidan haya a Mansur, mai gida yana buga mata ƙofa. Ta nuna samari biyu da ke jikin bango, ta ce wannan an ba shi mata tun bara ya rasa ɗakin da zai sa ta, wancan kuma iyayen yarinyar sun gaji sun ba wani. Ta faɗi wani ɗan'uwanmu da ke wankin ƙoda, abin da taubashin nawa ma bai sani ba, na ga ya ɗago kai. Ta ce layin ya riga ya tafi, maƙwabta sun sayar, gida ɗaya ba ya tsayawa tsakanin ramuka, in aka jira ƙila a zo a ba da abin da bai kai wannan ba. Ta ce, "Mutum talatin suna jiran tsohuwa ɗaya ta mutu, kuma suna jin kunyar su ce haka suke jira. Bai kamata a sa 'ya'yan mutane cikin wannan hali ba."

Baffa ya juya. "Haka ne?"

"Haka ne, Kawu. Ta fi ni sanin maganata."

"To yanzu kowa ya faɗi tasa. Kai fara."

"Ba ni da ƙari. Inna ta gama."

Baffa ya dubi Gwaggo. Ta shiga murza bakin tabarma da yatsa. Na miƙe.

"Baffa, abin da Gwaggo take nufi..."

"Zauna, Ustaz. Babu wakili a kan tabarmar Wakili."

"Ai ita ba za ta iya..."

"Ka fi shi sanin shari'a ne? Zauna."

Na zauna. Gwaggo ta ɗago ta dube ni kamar na zubar da miya a gaban baƙi, sa'annan ta dubi Baffa.

"Me zan ce kuma, Yaya? Da bakina na faɗa, kowa ya ji. In dawo in ce duk da haka a bar mini ɗakina?"

Taubashina ya matso ya kama ƙafarta, ya yi alkawari a gaban kowa: ɗaki a benensa na Shisha, da mota da direba, asuba da magariba, kullum. Aka yi fatiha. Mata suka yi ta sa masa albarka. Baffa ya ce bai taɓa ganin zaman da ya yi kyau kamar wannan ba, Wakili yana can yana jin daɗi.

Na daɗe ina juya abin. Dokar ta ɗauka cewa faɗin maganar wani nauyinsa ɗaya ne a kan kowa. Ga mutum irin taubashina, riga ce, ya sa ya cire. Ga Gwaggo kuwa, abin da bakinta ya furta a gaban jama'a ya zama alkawari, ba ta san yadda ake faɗin gaskiya sa'annan a tsallake ta ba. Na tambaye shi bayan kwana biyu ko ya yarda da abin da ya faɗa a kan tabarma.

"Kowace kalma, Ustaz. Har na yi kuka a mota. Amma doka cewa ta yi in faɗa, ba ta ce in bi ba."

Ban sami inda zan sa masa jan biro ba.

Aka kai ta Shisha, hawa na huɗu, da na'urar sanyi da gado mai laushi. Zan yi masa adalci, ba ta rasa abinci ba, ba ta rasa magani ba, matarsa ma ta kula da ita. Motar ta zo kullum a farko. Daga baya direban ya ce asuba ta yi masa wuya, aka bar magariba. Sai aka koma Juma'a. Da lokacin hajji ya zo aka rufe hanyoyi, direban kuma yana jigilar alhazan mai gida, bayan hajji ba wanda ya tuna a sake farawa. Ita kuwa ba za ta tambaya ba. Aka sa mata talabijin a tashar da ke nuna Harami dare da rana. Na sha samunta zaune a gabansa ta kashe murya, tana neman ƙawayenta a cikin taron.

Wata rana na ɗauko tasi na kai ta. Gwiwar da ta daina tafiya ta riga ta sandare, sai a keken guragu na tura ta. Da muka wuce ta wajen Tandabawi ta leƙa ta taga, ba ta gane layin ba, ni ma sai da na yi lissafi da wani tsohon masallaci. An share wajen, motocin alhazai ke kwana a ciki. A Harami na kai ta bakin wajen mata na tsaya daga baya. Ba ta ga 'yar Chadin ba, ba ta ga Bajawar ba. Wata mata da ta zo umara daga gida ta ji muna Hausa, ta matso da fara'a.

"Sannu Hajiya. Yaushe kuka sauka? Ku jirgin ina ne?"

"Jirgin Shisha," in ji Gwaggo.

Matar ta ce Allah ya karɓa, ta wuce tana tunanin wace jiha ce wannan. A hanyar komawa na kasa haƙuri.

"Gwaggo, yaron nan ya cuce ki."

"Kul. Wace ƙarya ya yi?"

"Bai yi ba."

"Ni na yi?"

"A'a."

"To ka rufe mini baki. Ya faɗi maganata yadda ni ba zan iya ba. Sau ɗaya dai na ji ta."

Ba ta sake cewa a kai ta ba, na yi tayi sau da yawa ta ce a bari sai ta ji ƙarfi. Zuwanta na gaba a makara ne, bayan sallar la'asar, cikin jerin gawarwakin ranar. Taubashina ne ya riƙe gaba, yana kuka na gaske.

Baffa bai daɗe ba ya bi ta, girman gida ya faɗo kaina, aka kawo mini tabarmar a cikin leda. Kwanan baya wasu 'ya'yan ƙanina su biyu suka zo, rigima a kan shagon da ubansu ya bari a Mansur. Babban ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi wa Wakili addu'a, ya ce sun zo ne a shimfiɗa musu tabarma kamar yadda aka gada, shi a shirye yake ya faɗi ta ƙaninsa tsaf. Ƙaramin yana zaune kusa da ƙofa, yana kallon takalminsa. Na tambaye shi abin da yake so. Ya ce duk yadda aka yi daidai ne.

Na ce musu tabarmar ta yi ƙura, kuma bayana ba ya barina in hau kujera in sauko da ita. Na ce su tafi kotu. Da babban ya fita ɗaukar mota, na riƙe ƙaramin a bakin ƙofa, na kwatanta masa ofishin wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya.